Ƴar Japan ta Kwanta a Shekarar Yunwa

Ku da kuke zaune kan baburanku a bakin tashar Tasawa kuna jiran fasinja, ina jin hirarku kullum. In a-kori-kura ƴar Japan ta wuce, sai ɗayanku ya bi ta da ido ya ce wanda ya samu wannan ya gama da wahala, murɗa makulli ne kawai da taka totur. Ba na tanka muku, don a saninku ni tsoho ne mai kiran fasinjan Mayahi. Amma na taɓa mallakar irin motar nan, tawa ta kaina. Tunda yau tasha ta yi sanyi, ku matso ku ji yadda aikin yake.

Sunana Haruna. An haife ni a wani ƙauye arewa da Kanan Bakashe, kan hanyar Mairairai, inda rairayi ke cinye ƙafar jaki balle ta mota. Mu biyu Inna ta raya, ni da yayana Idi. Da mahaifinmu ya rasu, Idi ya riƙe gona da shanu, ni kuwa na taho Tasawa na zama aparanti, wato yaron mota, wajen wani shofer da ake kira Maigida Tanko.

Aikin farko da ya ba ni shi ne riƙon weji. Guntun katako ne mai kauri. Motarsa tsohuwar babbar mota ce ta Faransa, birkinta sai addu'a, in ta tsaya kan tudu dole ka diro da gudu ka cusa katakon bayan taya kafin ta fara komawa baya da mutanen da ke cikinta. Na daɗe ina wannan ban taɓa sitiyari ba. Kayan aikinmu ba su da yawa: shebur, kirik na ɗaga mota, waya, tsohuwar robar taya da muke yankawa mu yi ɗauri, salkar ruwa a rataye gefen mota don iska ta sanyaya ta, sai tol, wato faifan ƙarfe mai huji-huji da ake shimfiɗawa ƙarƙashin taya. In mota ta kafe, ka tona, ka shimfiɗa tol, ta hau, ka zaro shi daga baya, ka ruga da shi gaba ka sake shimfiɗawa. Da rana tsaka ƙarfen nan yana cin tafin hannu kamar ka ɗauki tanda daga wuta. Haka ake ƙetare tudu ɗaya, kuma daga nan zuwa Mairairai tudun ba ɗaya ba ne.

Maigida Tanko ba ya koyarwa da baki. In ka yi kuskure ƙeyarka ce za ta ji. A wajensa na koyi cewa rairayin safe yana da ƙarfi, na azahar kuwa ya saki kamar gari. Na koyi rage wa taya iska kafin shiga yashi, da mayar mata da ita da famfon hannu in an fita, har kafaɗa ta mutu. Na koyi kallon launin ƙasa daga nesa, in san inda za ta ɗauki mota da inda za ta haɗiye ta. Na koyi jin muryar inji ina barci.

A farin farko, wanda sojoji suka karɓi mulki a cikinsa, fatu muka riƙa ɗauka, don shanu sun mutu, fatarsu kaɗai ta rage abin sayarwa. Wata rana muna dawowa daga Korgom da lodin fata mai wari, babban ƙarfen da ke riƙe da nauyin baya ya karye. Maigida ya kwance shi, ya ɗora mini a ka, muka shiga gari wajen maƙeri. Maƙerin nan ya jawo wani tsohon ƙarfe daga bayan rumfarsa, ya gasa, ya daka, ya huda, kafin la'asar mun ɗaura mun kama hanya. Haka motocin wancan lokaci suke. Suna lalacewa kullum, kuma kullum ana tashe su da abin da ke cikin gari.

Bayan farin nan ne ƴan Japan suka fara shigowa. Na fara ganin ɗaya a hannun masu aikin haƙa rijiyoyi. Muna durƙushe muna tona a gindin wani tudu, ta zo ta gefenmu ta haye kamar akuya, ba tol, ba turi, ko hayaƙi ba ta yi. Kafin a daɗe labarinta ya cika kowace tasha. Aka ce ba ta shan mai, ba ta zafi, ba ta sanin garaji. Lokacin na samu permi, wato lasin tuƙi, ina tuƙa wa wani ɗan kasuwa, kuma ba abin da nake so a duniya irin in ga kaina cikinta.

Na je gida bayan girbi na samu Yaya Idi a turken shanu. Allah ya taimake shi a farin farko, ya kai su kudu da wuri, ƴan kaɗan sun tsira, sun sake hayayyafa.

Na ce, "Yaya, akwai wata ƴar Japan a Maraɗi, an ɗan yi aiki da ita a Najeriya, amma injinta kamar sabo. In muka samu, kasuwannin nan duka namu ne."

Ya ce, "Da me za mu saya?"

Na dubi shanun. Shi ma ya dube su.

Ya ce, "Har da na noma?"

Na ce, "Har da su. Kafin damina biyu zan mayar maka da waɗanda suka fi su."

Ya daɗe yana sosa wuyan wani bijimi. Sannan ya ce, "Na ga yadda suke faɗuwa wancan karon. Mota dai ba ta jiran ciyawa. Je ka gaya wa Inna, in ta yarda na yarda."

Inna ta ce ita abin da ta sani shi ne kada mu rabu a kan dukiya. Muka kora shanun kasuwar Mayahi, Idi ya bar ƴar karsana guda da jaki.

Ranar da na shiga ƙauyenmu da ita, fara ce sol, har masu daka suka bar turmi. Hassu matar Idi ta zagaya ta tana dariya, ta ce daga yau sunana Mai Mota, kuma da sunan ta ci gaba da kirana. Idi ya shiga gaba ya zauna, ya ɗora hannuwansa kan gwiwa, na zagaya da shi bayan gari. Da ya sauko sai ya shafa ƙofar kamar yadda yake shafa bijiminsa.

Ba zan yi mata ƙarya ba, shekarun farko ta yi mini aiki. Ina kwana Tasawa, in bi kasuwar Korgom, in bi ta Kanan Bakashe, in leƙa Mayahi, wani lokaci har Mairairai. Ina ɗaukar mahauta da awakinsu, Fulani da ƙwaryar nono, masu gero, masu tabarma. Akwai wata dattijuwa, Tabawa mai man gyaɗa, wadda ba ta shiga motar kowa sai tawa, don ta ce ita kaɗai ce ba ta girgiza mata kwalabe. Kullum sai mun yi faɗa a kan inda za a ajiye garwarta, kullum kuma sai ta miƙo mini ƙuli-ƙuli ta taga. Man mota kuwa daga Najeriya yake zuwa da araha. Na yi aure, na kama gida a Tasawa, na saya wa Idi ɗan maraƙi na fara cika alkawari.

Lodin kanwa ne ya fara nuna mini abin da ba a faɗa a tasha. Na ɗauko ta daga Mayahi, ruwa ya same mu a hanya, buhunan suka jiƙe. Na wanke bayan motar sosai, amma kafin shekara ta zagayo ƙasan ya huje, kana hango hanya ta cikinsa. Jikinta sirara ne kamar gwangwanin madara. In bijimi ya jingina da ita sai ta lotsa. Ƙarafan baya kuma an yi su ne don kayan mutum ɗaya, ba don kasuwa guda ba, mu kuwa ba mu iya cewa fasinja ya jira wata. Da na farko ya karye na kai wa maƙeri kamar yadda na saba. Ya daka mini wani, bai kai Korgom ba ya tsage. Sule mai garaji, wanda ya tsufa a gyaran motocin Faransa, ya buɗe gabanta ya duba ya ce, "Wannan ba a yi mata dabara. Abin da ya mutu a jikinta, sai ka kawo ɗan'uwansa daga inda aka yi shi." Inda aka yi shi kuwa, a wajenmu, Kano ne. Daga Kano zuwa Maraɗi, daga Maraɗi zuwa hannunka, kowa ya ɗora nasa. Daga baya jabu ya shigo, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, ba ka ganewa sai ya yashe ka a daji. Duk wanda ke da irinta a tashar nan ya sha wannan. Amma muna haƙuri, don in tana lafiya ba wadda ke kamo ta.

Sai shekarar nan ta zo. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake shuka, ya sake ɗaukewa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. A shekarar ce kuma Najeriya ta rufe iyakarta. Mai ya zama sai a ɓoye, a kwalba, rabinsa kananzir. Kayan gyara suka ɓace daga shagunan Maraɗi. Kasuwannin ƙauye suka koma wajen sayar da ƙwarya da tabarma da ƙyauren ɗaki, kowa na sayarwa, ba mai saye. Tabawa ta daina zuwa, don ba gyaɗa. Fasinjan da nake samu masu barin gida ne, da tukwanensu da tsofaffinsu, kuma yawancinsu ba su da abin ba ni.

Wata safiya ina goge gilashi a nan inda kuke zaune, sai ga wani sarjan da sojoji biyu. Ya wuce manyan motocin Faransa bai ko dube su ba, ya zo ya tsaya gaban tawa.

Ya ce, "Ta wa ce?"

Na ce, "Tawa ce, shef."

"Ita ce aka ce ba ta kafewa a rairayi?"

"Tana taɓawa, shef."

"To daga yau tana aikin ƙasa. Ka bi mu magaza, inda aka ajiye hatsi."

A lokacin nan ba a yi wa kaki gardama. Hatsin taimako ne ya iso, jar dawa daga ƙasashen waje, ana so a kai ƙauyukan arewa inda babbar mota ba ta shiga. Duk ƴar Japan da ke Tasawa an kama ta a ranar. Sunan da ta yi ne ya jawo mata. Su ke ba da mai, su ke faɗin inda za a je. Da aka fara lodi na ga bayanta ya zauna, sai na ce wa sarjan ya isa haka.

Ya ce, "Ka ga mutanen da ke can kuwa?"

Na ce, "Daga can nake, shef."

Ya ce, "To ka san buhun da ka bari a nan, wani gida ne." Ya sa aka ƙara.

Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Muka yi ta zirga-zirga, tana nishi tana hawa. A wata tafiya hanya ta bi da mu kusa da ƙauyenmu, na roƙi sojan da ke tare da ni ya bar ni in leƙa gida, ya ce in yi sauri. Na tarar karsanar da maraƙin duk sun mutu. Hassu tana jiƙa anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an kwana ana canza musu ruwa kafin su ciwu. Inna na kwance, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya takawa ko zuwa bakin ƙofa. Rabin garin sun tashi.

Idi ya rako ni wajen mota. Ya ce, "Ka ga waɗanda suka yi mana dariya da muka sayar, yau ko igiya ba su da ita. Namu shanun ga su nan tsaye." Ya dafa ta.

Na ce, "Yaya, da zarar sun sake ni zan zo in kwashe ku gaba ɗaya zuwa Tasawa."

Ya ce, "Saboda Inna ne muke zaune. Ba ta hawa jaki. Kada ka daɗe."

A tafiya ta gaba ta kwanta. An makara wajen lodi, muka shiga tudun Mairairai da rana tsaka, lokacin da bai kamata ko raƙumi ya shiga ba. Ruwan da nake zuba mata na rijiyoyin da suka kusa ƙafewa ne, rabinsa laka, ya toshe mata hanyoyin ruwa. Ina kallon allurar zafi tana hawa. A tsakiyar wani tudu ta kafe, abin da ba ta taɓa yi mini ba, tururi ya taso daga gaba. Na kashe ta, na buɗe gaban don ta sha iska, na ɗauki shebur na koma baya ina tona. Sojan nan, saurayi ne mai son taimako, ya saba ganin ana yi wa manyan motoci haka, sai ya kwance salka ya juye ruwan sanyi kan injin. Daga inda nake durƙushe na ji ƙarar, ƴar ƙarama, kamar an taka busasshen kara. Da ta huce na zaro ma'aunin baƙin mai na duba. Ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa. Kan injin, abin da muke kira kulas, ya tsage, ruwa ya haɗu da mai.

Aka kawo raƙuma suka kwashe dawar, sojan ya bi su. Ni na zauna da mota, don in ka bar ta a daji ko taya ba za ka tarar ba. Na aika saƙo Tasawa ta bakin wani mai jaki. Bayan ƴan kwanaki sai ga tsohuwar motar Maigida Tanko tana tafe tana tari, ƙofarta ɗaure da waya. Ya sauko, ya leƙa injin. Ya jefo mini sarƙa ya ce, "Ɗaura." Da tol da shebur muka jawo ta har garajin Sule. Na je wajen sarjan, ya ce aikin ƙasa ne, ƙasa za ta duba. Ban sake jin maganar ba.

Sule ya kwance kulas ɗin ya nuna mini tsagar, siririya kamar gashi. Ya ce ƙarfensa ba irin wanda maƙeri ke taɓawa ba ne, sai dai sabo, ko a kai Maraɗi wajen wani mai walda da ya iya liƙe irinsa. Muka ɗora motar kan duwatsu don kada tayoyi su lalace. Ba ita kaɗai ba ce. A layin garajin nan ƴan Japan ne jere kan duwatsu, wata ba famfon ruwa, wata ba abin da bai fi ɗan yatsa ba. Na aika wa Idi cewa nan da kasuwa mai zuwa ina tafe. Na sa kulas a buhu na hau motar Maraɗi.

A Maraɗi na bi shago-shago, ba sabo, ba tsoho. Mai waldar kuwa iskar gas ɗin da yake aiki da ita ta ƙare, ita ma daga Najeriya take zuwa. Ya ce ana sa ran wata gobe ko jibi. Na zauna ina dako a kasuwa don in ci, ina kwana a rumfarsa, kullum gobe. Da na yi niyyar komowa sai in tuna in na koma hannu wofi ba abin da zan ɗauko Inna da shi. Wata ya kusa cika kafin iskar ta zo ta hanyar daji. Ya liƙe, ya goge, ya ce ya yi iyakar yinsa.

Da na iso gida, matata Rabi ta tarye ni da labari. Ta ce, "Yaya Idi ya zo."

Na ce, "Yana ina?"

Ta ce, "Ya wuce. Da ƙafa ya zo. Na ce masa kana Maraɗi, sai ya ce in nuna masa inda motar take. Na kai shi garajin Sule. Ya daɗe tsaye yana kallonta a kan duwatsu. Na dama masa ɗan abin da ke akwai, ya sha, ya ƙi kwana. Ya ce abincin gida ya ƙare, zai bi ta Korgom ya ƙetara Najeriya ta daji ya nemi aikin ƙarfi, ko ya samu abin aikowa. Ya ce in gaya maka, in ta tashi ka je ka ɗauko su."

Ni da Sule muka ɗaura kulas tun da safe. Ta tashi da bugu ɗaya, muryarta lafiya lau. Na sayar da agogona da rediyo na sayi mai, na kama hanyar Kanan Bakashe. Ban yi nisan da za a daina hango bishiyoyin Tasawa ba farin hayaƙi ya fara fita ta baya. Na tsaya na zaro ma'auni. Kunun gyaɗa. Waldar ta buɗe.

Na bar ta hannun Sule, na ari jaki wajen maƙwabcina, na tafi da ƙafa, abin da tun farko na ɗauka ba zai amfana ba, ga shi yanzu dole ta sa. Na tarar an yi bakwai ɗin Inna. Malam Ado, dattijon da ke maƙwabtaka da mu, shi da wasu tsofaffi suka rufe ta. Ya ce har ranar ƙarshe in ta ji wata ƙara daga kudu sai ta ce a duba ko Haruna ne. Hassu ta sayar da azarar ɗaki da tukwane, jakinsu ya mutu. Ba ta yi mini kuka ba, ba ta kuma tambaye ni motar ba. Muka ɗora ƙananan yaran kan jaki, manyan suka taka, muka taho Tasawa.

Motar ta shekara fiye da ɗaya kan duwatsu. Damina ta gaba ta yi kyau, amma gonarmu ba wanda ya shuka, don ba iri, ba namiji a gidan. Ni na koma aparanti da furfurata ta fara fitowa, ina riƙe wa wani yaro weji a babbar mota. Hassu tana surfe da daka a gidajen ma'aikata. Duk wanda ya dawo daga Najeriya sai ta aiko a tambaye shi. Lokacin an kori baƙi da yawa daga can, mutane na dawowa a jigace, wani ya ce ya ga mai kama da shi a wajen masu haƙar ƙasa a Daura, wani ya ce a Kano. Ba wanda ya ce ya yi magana da shi.

Da aka buɗe iyaka, ba a yi wata ba kaya suka cika Maraɗi. Na shiga shagon da na sha zuwa a baya, na faɗi abin da nake nema, mai shagon ya miƙa hannu bayansa ya sauko da shi, yana ci gaba da hira da abokinsa. Na kawo kulas ɗin Tasawa, washegari Sule ya ɗaura kafin azahar. Ta tashi kamar jiya aka kashe ta. Bayan nan ta yi mini shekaru tana aiki kafin in rabu da ita, amma ban ƙara tara abin da zai sayi ko ɗan maraƙi ba, duk abin da ta samo a jikinta yake ƙarewa.

Tafiyar farko da na yi da ita bayan ta tashi Najeriya ce, neman Idi. Na bi Daura, na bi Katsina, na shiga Kano. Na tambaya a tashoshi, a unguwannin da mutanenmu ke sauka, wajen masu ga-ruwa da masu gadi da masu haƙar ƙasa. Na je asibiti, na je wajen masu wankan gawa. In ka ce Idi daga Nijar, dogo, baƙi, da tsage a kumatu, sai su ce irinsa sun ga ɗari. Har yau ban san inda ya kwanta ba, ko kuwa yana raye.

Da hadari ya fara haɗuwa a shekarar, Hassu ta ce ita za ta koma, ƴaƴanta sun isa riƙe sungumi, gonar ubansu ba za ta ƙara kwana ba shuka ba. Na kawo motar ƙofar gida. Rabon Hassu da ganin motar tun kafin ta kwanta. Ta tsaya da ƙullin kayanta a ka ta dube ta.

Ta ce, "Ta tashi ke nan, Mai Mota?"

Na ce, "Ta tashi."

Na buɗe mata gaba, ta zagaya ta hau baya ta zauna kan buhun iri tare da yaran. Muka fita da sassafe, rairayi na da ƙarfi, ba ta kafe ko sau ɗaya ba. Kafin rana ta yi zafi mun shiga gari.

Mutanen da suka koma sun ji labarin na tafi Najeriya neman Idi, kuma ba su ji yadda aka ƙare ba. Da suka ji ƙarar mota suka fito. Malam Ado ya taho da sandarsa, ya leƙa gaba ya ga ni kaɗai. Ya dafa jikinta ya zagaya baya, ya bi fuskokin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya dawo wajen tagata.

Ya ce, "Haruna, ina Idi?"

Ban kashe injin ba, don tun daga wancan tudun na daina yarda in kashe ta a inda ba garaji. Tana ta kaɗawa, mutane na tsaye. Hassu ta sauko, ta sauke ƙaramar ƴarta, ta ɗora ƙullinta a ka. Ta zo daidai taga ta ce, "Kashe ta haka nan. Mun iso."